Shekarar da Na Goge Cibiyoyin Gilas

Shekaruna saba'in da shida a bana, kuma al'amarin da zan zayyana muku ya haura shekara talatin da faruwa, a birnin Riyad, zamanin da nake ma'aikaci a wani shagon tsofaffin kaya a unguwar Al-Murabba. Na ɗauki alƙalami ne domin kwanan baya jikokina sun ga wani ƙwallon gilas a kan teburina, irin wanda suke kira mabul, suka tambayi abin da dattijo yake yi da kayan wasa. Da na ce musu da shi na ciyar da iyayensu shekara tara, sai babban cikinsu ya ce, "Ashe, tsoho, wasa ka je yi Saudiyya ana biyanka." To, ku saurara, domin abin da kuke gani wasa sana'a ce mai malamai da ƙa'idoji, kuma na kusa rasa zamana a ƙasar saboda ƙa'ida guda da ban sani ba.

Ni ɗan masu sayar da tsakiya ne da murjani a kasuwar Kurmi. A gaban mahaifina na koyi duban dutsen wuya, da zura shi a zare, da goge bakinsa a kan dutsen guga. Wannan idon ne ya sa wani ɗan kasuwar Riyad, Abu Fahad, ya zama kafilina, wato wanda iƙamata take hannunsa, ita ce takardar izinin zama. Shagonsa cike yake da tukwanen gahawa na tagulla, da ƙyamaren tsofaffin gidaje, da takubba. Can ƙurya akwai wata durowa mai aljihu goma sha biyu, kowane aljihu cike da ƙwallayen gilas, waɗanda mutanen Najadu, wato yankin Riyad, suke kira masaƙil. Mai kula da durowar wani tsoho ne Bayamale, Ammu Salim, kuma a ƙarƙashinsa aka ajiye ni.

Aikin farko da ya ba ni ina tuna shi sarai. Ya shimfiɗa baƙin karan-miski a kan tebur, ya juye gwangwani guda a kai, ya ce in rarraba. Na zauna na yi yadda ake yi a Kurmi: ja da ja, shuɗi da shuɗi, kore da kore. Na gama ina jiran yabo. Ya zo ya duba, ya sa hannu ya dagula su duka.

"Ya Inuwa, kai mai rini ne?" in ji shi. "Launi na mata ne masu neman abin wuya. Mu ciki muke dubawa. Ɗauki wannan, sa shi gaban fitila. Me ka gani?"

Na ce na ga farin zare a saƙe kamar ragar kamun kifi.

"To, sunansa ke nan. Raga. Ka fara zama mutum."

Daga nan na gane cewa sana'ar ba sayarwa ba ce, raɗa suna ce. Kowa yana iya miƙa ƙwallo ya karɓi kuɗi. Amma masu tara irin waɗannan kaya ba gilas suke saya ba, suna suke saya, kuma idan ka rubuta sunan da ba shi ba a kan kati, ka yi ƙarya ko da ba ka nufa ba. Kayan aikinmu kaɗan ne: karan-miskin nan, da fitila mai wuya, da madubin ƙara girma da ake maƙala wa ido, da farantin tagulla mai huji-huji na awon girma, da kofin ruwa, domin ƙwallon da ya dushe idan aka tsoma shi a ruwa cikinsa yakan bayyana kamar sabo. Sai katunan kwali da alƙalami. Ammu Salim ba ya barin kowa ya taɓa alƙalamin nan. Shekara guda cur na yi ina wanki da awo kafin ya yarda na rubuta kati na farko.

Sunayen kuwa Turawa masu tarawa ne suka ƙaga su, kuma ba duka ne ke da ma'ana ba. Akwai wanda suke kira ɓawon albasa, domin launinsa shimfiɗe yake a ƙarƙashin gilas kamar fatar albasa. Akwai ƙarshen yini, wanda suke cewa maƙeri yakan haɗa shi da ragowar gilas idan zai tashi daga aiki. Akwai mai ɗan mutum-mutumin zaki ko zakara a tsakiyarsa, wanda suka sa wa sunan farar wuta, alhali farar ƙasa ce a ciki. Akwai mai ƙyalƙyalin zinariya, wanda ba zinariya ba ce, garin tagulla ne, kuma sun laƙa masa sunan wani maƙerin gilas da su kansu suke shakkar ko ya taɓa ƙera ƙwallo. Wani fari mai ratsi kuwa sunan romon wani kifi mai ɓawo suka ba shi. Na taɓa tambayar Ammu Salim dalilin wannan, ya ce, "Wanda ya raɗa shi yunwa yake ji. Kai dai rubuta." Waɗannan duka ƙirar hannu ce, mafi yawa daga ƙasar Jamus. Idon mage da kuke wasa da shi ƙirar inji ce, kuma a buhu muke zuba shi ƙarƙashin tebur.

Masu sayenmu ba su da yawa, amma sun san juna kamar 'yan unguwa ɗaya. Ma'aikatan kamfanoni ne da na asibitoci, sukan zo ran Alhamis bayan la'asar. Jagoransu wani injiniya ne Bajamushe da ke aiki a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu. Sunansa ya gagari harshenmu, saboda haka muka kira shi Abu Nazzara, wato mai tabarau. Yana da littafi mai baƙin bango da yake rubuta kowane ƙwallo da ya gani, kuma abin da ya faɗa a kan kaya shi sauran suke bi. Akwai kuma namu, Dakta Lawal, likita mutumin Zariya, wanda ya fara zuwa don ya ji Hausa, daga baya ciwon tarawa ya kama shi.

Akwai wata al'ada ta Ammu Salim da na daɗe ina gani. Kafin ya rubuta kati, sai ya rufe ido ya murza ƙwallon a ƙarƙashin babban yatsansa, sama da ƙasa. Na ɗauka tsaga yake lalube. Ban tambaya ba, shi kuma bai faɗa ba, domin irin malaman nan ne masu ba da ilimi cokali-cokali.

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar yaƙin Kuwait. Turawa suka kwashe iyalansu. Mutanen Yaman da yawa suka bar ƙasar cikin 'yan makonni, Ammu Salim yana cikinsu. Ran da zai tafi ya miƙa mini alƙalamin, ya ce, "Saura abu biyu ko uku ban gaya maka ba. In na dawo." Bai dawo ba. Wata da watanni ina buɗe shago ina share ƙura, babu mai shigowa sai mai kawo shayi.

Cikin wannan zaman banza ne Abu Fahad ya dawo daga kasuwar gwanjo da wani gwangwanin alewa mai tsatsa, wanda aka fitar daga wani gidan ƙasa da aka rushe a unguwar Utaiƙa. Da na buɗe sai na ga abin da ban taɓa gani ba a tare: ƙwallaye goma sha ɗaya, kowanne ya kusa ƙwan zabuwa, farar raga a ciki, ratsin ja da rawaya a waje. Aibinsu ɗaya a idona: kowanne yana da ɗan kaushi a sama da ƙasa, kamar inda aka tsinke 'ya'yan itace daga reshe. A gidanmu kaushi abin kunya ne. Bakin tsakiya idan bai gogu ba yakan ci zare, kuma mahaifina bai taɓa ajiye abu mai kaushi a gaban mai saye ba. Dutsen gugarsa kuwa yana cikin akwatina, na zo da shi tun daga Kano. Ga lokaci, ga ƙwarewa, ga babu mai hana ni. Mako uku na yi a kansu, da dutse, da ruwa, da fata, har babu yatsan da zai iya gane inda kaushin yake. Ina faɗa muku ba don alfahari ba, ko a Kurmi ba a samun guga irin wannan.

Da al'amura suka lafa, masu saye suka fara dawowa, sai ga Abu Nazzara wata Alhamis tare da mutum huɗu. Na shimfiɗa karan-miski, na jera goma sha ɗayan nan, kowanne da katinsa: raga, ƙirar hannu, tsohuwar Jamus. Ya ɗauki ɗaya, ya rufe ido, ya murza shi a ƙarƙashin babban yatsansa, sama da ƙasa. Ganin wannan murzar sai na tuna Ammu Salim. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku, ya ajiye, ya yi magana da Turanci a hankali. Dakta Lawal yana wurin, shi ya fassara mana.

"Alhaji, cewa ya yi ina cibiyarsu."

Na ce wace cibiya.

A nan, a gaban jama'a, aka koya mini abin da ya rage a karatuna. Maƙerin da yakan ja gilas ya zama doguwar sanda mai zare a ciki, sa'an nan ya riƙa yanko ƙwallo ɗaya-ɗaya da almakashi. Inda aka yanke ɗin yakan bar tabo a kowane ƙarshe, shi masu tarawa suke kira cibiya, kuma ita ce shaidar haihuwar ƙwallo. Abu Nazzara ya ƙara da cewa a wannan zamani akwai masu ƙera sababbi da hannu a kan tsohon fasali, su shafe tabon da wuta, kuma a ganinsa waɗannan irinsu ne.

Na ce ni na goge su da hannuna. Na ɗauko dutsen na nuna masa. Ya duba dutsen da girmamawa, ya ce dutse ne mai kyau, amma dutse ba ya shaidar shekarun gilas, kuma duk wanda aka kama da sabon kaya yana iya cewa haka. Ya rufe littafinsa, suka fita ba su sayi ko allura ba.

Abu Fahad ba mai ɗaga murya ba ne. Ya jira har shago ya zama daga ni sai shi, ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa, ya nuna mini, ya mayar.

"Ta sabunta iƙamarka ce, ya Inuwa. Saura kwana goma sha biyu. Shekara talatin ina wannan kasuwa ba a taɓa cewa na sayar da sabo da sunan tsoho ba. In mai tabarau ya janye maganarsa, in sa hannu. In bai janye ba, in rufe durowa, kai kuma ka gaishe mini da mutanen Kano. Khalas, shi ke nan."

Kwana biyu na yi ina juya ƙwallayen a gaban fitila, kuma ilimin tsakiya, wanda ya jefa ni ramin, shi ya nuna mini hanyar fita. Mu ma tsakiyarmu daga sanda ake yanko ta, kuma duk ɗan Kurmi ya san cewa 'ya'yan sanda ɗaya ba sa ɓoyuwa: in zare ya karkace a ɗaya, ya karkace a duka. Na sa madubi na ƙirga. Kowane ƙwallo yana da ratsi shida a waje, ja da rawaya bi da bi, amma a wuri guda rawayan ya rabu biyu kamar harshen maciji. Duk goma sha ɗayan haka suke. Ashe uwarsu ɗaya. Abin da nake bukata shi ne ɗan'uwansu na goma sha biyu, wanda bai gamu da dutsena ba, kuma a hannun mutumin da zai iya faɗin inda ya samo shi.

Na bi dillalin gwanjo, dillali ya tura ni wurin direban da ya kwashe kayan gidan, direba ya ce mai gidan wani tsoho ne, Abu Nasir, wanda ya koma wurin ɗansa amma kullum da hantsi yakan zauna wajen masu dabino a kasuwar Utaiƙa. Kwana huɗu ina zuwa kafin na same shi, ɗan siririn dattijo mai jan gemun lalle, ya haura tamanin. Na gaishe shi, na sha gahawa kofi uku, sa'an nan na fito da ɗaya daga cikin ƙwallayen. Ya karɓa, ya juya shi, ya dube ni.

"Wa ya yi masa aski?"

Na ce ni ne, ya Ammi.

"Allah ya shirye ka. Mahaifina ya kawo su daga Basra ina ɗan shekara bakwai. Dozin ne."

Na ce goma sha ɗaya na samu.

Ya sa hannu a aljihu, ya fito da carbi, da makulli, da ƙwallo na goma sha biyu. Duk jikinsa tabon wasa ne, ya dushe kamar idon tsohon raƙumi, amma da na murza shi sai na ji kaushi a sama, na ji a ƙasa. Na roƙe shi ya sayar, ya ƙi. Na roƙe shi aro na yini ɗaya, ya ce ko ɗansa bai taɓa riƙe shi ya wuce ƙofa ba. Da na gaya masa abin da ke kaina, da abin da Bature ya faɗa, sai ya gyara zama.

"Ya ce sababbi ne? Ku zo ku ɗauke ni ran Alhamis. A gaban mota zan zauna."

Dakta Lawal ne ya ɗauko shi, shi ne kuma ya lallashi Abu Nazzara ya dawo. Saura kwana biyar a iƙamata. Abu Nasir ya shigo yana dogara sanda, ya ƙi kujera, ya zauna a kan wani tsohon akwatin amare na sayarwa, ya dubi Bajamushen sama da ƙasa.

"Likita, gaya masa ina cin yaran Utaiƙa da wannan tun ba a haife shi ba. Gaya masa kuma tabaransa na banza ne."

Dakta ya fassara rabin farko.

Na kawo kofin ruwa, na tsoma ƙwallon tsohon, na tsoma ɗaya daga cikin nawa kusa da shi, na jawo fitila. Na nuna wurin da tsinken alƙalami. Abu Nazzara ya maƙala madubi, ya sunkuya, ya ƙirga da harshensu, ya juya kofin, ya sake ƙirgawa. Ya ciro na tsohon, ya rufe ido, ya murza. Ya buƙaci sauran goman, ya tsoma su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana neman rawayan nan mai rabuwa biyu, kowanne yana samu. Da ya kai na ƙarshe sai ya cire madubin, ya fashe da dariya har yana share ido.

"Alhaji," in ji Dakta, "ya ce shekara ashirin yana tarawa bai taɓa ganin dozin daga sanda ɗaya a tebur ɗaya ba. Ya ce kuma bai taɓa ganin wanda ya ɓata kaya da gwaninta irin taka ba."

Abu Nazzara ya miƙe, ya je gaban Abu Fahad, ya dafa ƙirji, ya ce da Larabcinsa mai tuntuɓe ya yi kuskure, kaya tsofaffi ne, kuma zai faɗa wa kowa. Amma ya ce katunan sai an sake su, domin gogaggen ƙwallo ba ya kai darajar mai cibiya, kuma wajibi ne mai saye ya sani.

Nan fa gardama ta tashi a kan abin da za a rubuta. Bajamushe ya ce raga. Abu Nasir ya buga sanda a ƙasa ya ce shi bai san wata raga ba, su a unguwarsu gemun alƙali suke kiransa saboda farin zaren nan, kuma su suka riga shi. Bajamushe ya buɗe baƙin littafinsa ya ce a maimaita masa, ya rubuta. Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, ni da na yi musu wannan aiki, me zan kira su da harshenmu. Na tuna tambayar da tsohon ya yi mini a kasuwar dabino, na ce askakku. Dakta ya bayyana masa ma'anar, ya rubuta ta harafi-harafi, yana tambaya ko harafin ka ɗaya ne ko biyu. Daga wannan rana kowane kati da ya fita daga hannuna suna uku yake ɗauke da shi: na masu tarawa, da na yaran Najadu in na samu tsohon da zai gaya mini, da na Hausa. Har na bar Riyad, in Turawan Alhamis suka ga gogaggen ƙwallo a ko'ina, sai ka ji suna cewa askakke ne, da bakinsu mai nauyi, kuma sababbin zuwa suna ɗauka wata tsohuwar kalma ce ta masana.

Da baƙi suka watse, Abu Fahad ya zaro takardar, ya shimfiɗa ta a kan karan-miski, ya karɓi alƙalamin kati daga hannuna, ya tsaya.

"Ina dutsen?"

Na ɗauko.

"Zan sa hannu, shi kuma zai kwana a gidana. Ran da za ka koma Kano gaba ɗaya, ka zo ka karɓa."

Ya sa hannu, ya naɗe dutsen mahaifina a cikin jarida, ya saƙale shi a hammata. Shekara shida ya yi a gidansa, kuma ran da na yi masa sallama ya miƙo mini shi a cikin jaridar nan dai, ta yi ja don tsufa.

Abu Fahad da Abu Nasir sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Mai tabarau ya koma ƙasarsu da huɗu daga cikin askakkun, ban sake jin labarinsa ba. Amma Dakta Lawal yana nan da ransa a Zariya, ya yi ritaya, kuma komai a gabansa aka yi. Wanda yake shakka ya je ya same shi bayan la'asar. Shi zai gaya muku abin da aka faɗa a shagon nan kalma-kalma, har da rabin da ya ƙi fassarawa.